Johann Sebastian Bach: Makaɗin Da Aikin Ido Ya Makantar

A ƙasar Jamus, cikin wani gari wai shi Eisenach, aka haifi Johann Sebastian Bach a shekarar 1685. Gidansu gidan makaɗa ne tun kaka da kakanni. Kafin ya cika shekara goma uwa da uba duk sun rasu, sai wansa ya ɗauke shi ya riƙa, ya kuma koya masa kiɗan ogan, watau wani babban abin kiɗa mai bututai da yawa wanda ake kaɗawa a majami'u.

Yaron ya tashi da ƙwazo ƙwarai. A cikin 1705, yana da shekara ashirin, ya taka da ƙafa wajen mil 250 zuwa birnin Lübeck domin kurum ya saurari wani tsohon gwani mai suna Buxtehude. Daga baya ya yi wa sarakuna aiki. A 1717 Sarkin Weimar ya tsare shi kusan wata guda saboda ya matsa a sallame shi. A 1723 aka naɗa shi malamin waƙa na Makarantar St Thomas a birnin Leipzig, inda ya yi shekara 27 yana koyar da yara, yana kuma tsara kiɗan manyan majami'un garin. Allah ya ba shi 'ya'ya ashirin, goma suka rayu har suka girma. A 1747 ya ziyarci Sarki Frederick na Prussia, ya yi kiɗa a gabansa.

To, da girma ya kama shi sai ganinsa ya soma raguwa. Ana cikin haka, a watan Maris na 1750, wani Bature mutumin Ingila, John Taylor, ya sauka a Leipzig. Shi wannan Taylor mai aikin ido ne na yawo, yana bin ƙasashen Turai cikin keken doki da aka yi wa zanen idanu. Kowane gari ya shiga sai ya tara jama'a ya yi ta yabon kansa, yana taƙama da cewa shi ne likitan idon Sarkin Ingila. Ya yi wa Bach aiki a ƙarshen Maris, bai yi kyau ba, ya sake a farkon Afrilu, sa'an nan ya yi gaba abinsa.

Yadda aka saba aikin yanar ido a wancan zamani shi ne, a soka allura ta gefen ido, a tura ƙwayar nan da ta yi fari ta faɗa can cikin idon. Sau da yawa haske yakan shiga nan take, majinyaci ya yi murna, a biya mai aiki. Amma ƙwayar tana nan ciki ba a fitar ba. Bayan 'yan kwanaki sai kumburi ya taso, ko allurar ta kai ƙwayoyin cuta, ko ruwan cikin ido ya taru ya danne jijiyar gani. A lokacin babu maganin kashe zafi, ba a kuma san tafasa kayan aiki ba.

Bach dai ya makance ɗungum bayan aikin nan na biyu. Jikinsa kuwa, wanda dā lafiyayye ne, bai sake komawa daidai ba. Ya yi wata uku da wani abu yana jinya, daga bisani shanyewar jiki da zazzaɓi suka kama shi, ya rasu ran 28 ga Yuli, 1750, yana da shekara 65. Bayan shekara takwas Taylor ya sake yin aiki a idon wani mashahurin makaɗi, Handel, shi ma bai sami ganinsa ba.

Abin tausayi, a daidai shekarun nan ne wani likita a Faransa, Jacques Daviel, ya soma fitar da yanar waje gaba ɗaya, ya kuma bayyana dabarar a Faris a 1752. A 1949 Harold Ridley ya fara sa ƙwayar roba a madadin wadda aka cire, a birnin Landan. Wannan ita ce hanyar da asibitoci ke bi yanzu. Ko aikin asibiti ma yakan zo da matsala jefi-jefi, amma likita yana nan, za a koma masa ya duba.

Jama'a, kada mu ɗauki labarin nan na Turai ne kaɗai. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa, cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 tura ƙwayar aka yi irin ta dā, kuma yawancin waɗannan idanu an same su a makance.

Saboda haka malamai da ma'aikata na ƙasar Kankara da Faskari da Sabuwa, ku ne dattawa ke tambaya. In an kawo muku maganar mai aikin ido na yawo, ku tambaya ina za a same shi bayan kwana bakwai. Ku ba da shawara a tafi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In kuwa an yi aiki, aka ji ciwo mai tsanani, ko ido ya yi ja, ko gani ya ragu, a koma wurin likita ran nan, kada a kwana. Allah ya kiyaye mana ganinmu, amin.