Michael Faraday: Ɗan Maƙerin Da Ya Bar Mana Aiki A Bompai

Dukkanmu mun haddace dokokin Faraday don cin jarrabawa. Ni dai a ganina mutumin nan ya wuce hadda.

An haife shi a 1791 kusa da Landan, ɗan wani maƙeri talaka, bokonsa bai yi nisa ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karance waɗanda aka kawo ɗinki. A 1813 Humphry Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji a Royal Institution. Zuwa 1834 ya tabbatar cewa nauyin ƙarfen da ke narkewa ko taruwa cikin ruwa yana bin yawan lantarkin da ya ratsa. A 1855 ya bi kogin Thames a jirgi, ya jefa farar takarda, ko inci guda ba ta nutse ba ƙazanta ta ɓoye ta. Nan take ya aika wa jaridar The Times gargaɗi. Ya rasu a 1867.

To, mu fa? Ruwan masana'antun jima na Bompai yana gangarawa rafin Getsi zuwa Jakara, ɗauke da gubar kuromiyam, da shi kuma ake ban-ruwan latas ɗin da muke ci. Na Sharada da Challawa kuwa kogin Challawa yake nufa. In aka tsoma farantan ƙarfe cikin irin wannan ruwa aka saki lantarki, ƙarfen zai narke ya dunƙule dattin, sai a tace. Ƙarfe nawa za a kashe, wuta nawa? Lissafin Faraday ne tsaf.

'Yan ajin ƙarshe masu neman furojet, ga shi nan a ƙofar gida.