Imamu Malik da tsarin majalisinsa na karatu



Malaman Islamiyya suna yawan kawo mana kukan cewa aji ya gagare su, sai da bulala. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi Imamu Malik ɗan Anas, wanda mazhabarsa ce ta yaɗu a ƙasashenmu.

An haife shi a Madina shekara ta 93 bayan Hijira. Mahaifiyarsa ce ta naɗa masa rawani ta tura shi wurin Rabi'a, ta umurce shi da ya koyi ladabin malamin kafin iliminsa. Ya kuma yi karatu wurin Nafi'u da Zuhri da Ibnu Hurmuz.

Da ya fara karantarwa, da kansa yake fara gyara. In hadisi za a karanta, sai ya yi wanka, ya sa tufafi masu kyau, ya shafa turare, sannan ya fito ya zauna cikin natsuwa. Yana da mai tsaron ƙofa da ke shigar da mutane rukuni-rukuni. Galibi ɗalibi ke jan baƙi, shi yana saurare yana gyara, kamar yadda muka taras a zaurukanmu. Ba a ɗaga murya a gabansa. In an tambaye shi abin da bai sani ba, a gaban ɗalibai yake faɗin bai sani ba.

Dokar kuwa ba ta bar kowa ba. An ruwaito cewa Halifa Haruna Rashid ya nemi ya je ya karantar da shi a masaukinsa, ya ƙi, sai halifan ne ya zo. Mu kan tuna wannan in muka ga an ware wa ɗan mai kuɗi wurin zama.

Sai dai kwarjinin nan yana da nasa nauyi: wasu almajiransa kan ji shakkar tambayarsa, har su riƙa fatan baƙo ya zo ya yi tambaya su amfana. Mai koyar da ƙananan yara ya lura da wannan.

An ce wata rana giwa ta shigo Madina, ɗalibai suka watse kallo, Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ya ƙi tashi, domin karatu ya kawo shi daga Andalus. Ruwayarsa ta Muwaɗɗa ce aka fi karantawa har yau.

Imamu Malik ya rasu shekara ta 179, aka binne shi a Baƙi'a. Allah Ya jiƙansa.