Mista Morel, Akawun da Ya Ka da Churchill

Kowane ɗalibi a kwalejin nan ya san sunan Churchill, amma kaɗan ne suka ji labarin wanda ya taɓa ka da shi a zaɓe. Sunansa Edmund Morel, ya kuwa taɓa taka ƙasarmu.

An haife shi a Faransa cikin 1873. Ya fara aikin akawu a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster a Liverpool. Can ya lura jirage suna zuwa daga Kwango maƙare da danƙo da hauren giwa, in za su koma kuwa sai bindigogi da harsasai. Ya gane ba ciniki a ke yi ba, bauta ce. Ya bar aikin, ya yi ta fallasa abin, har aka raba Sarki Leopold na Beljiyam da Kwango cikin 1908.

Cikin 1910 ya zo Nijeriya, ya ga hawan Salla a Zariya, ya gana da Sarkin Kano. Littafinsa na 1911 ya nace ƙasa ta zauna hannun masu ita. Mu da ke zaune tsakiyar ramukan kuza mun san nauyin wannan magana. Amma fa yana da tabo: cikin 1920 ya yi wa sojojin Afirka da Faransa ta girke a Jamus mummunan ƙazafi, abin kunya ga mutum irinsa.

Ya ƙi Yaƙin Duniya na Farko, don a ganinsa yarjejeniyoyin ɓoye suka jawo shi, har aka ɗaure shi wata shida cikin 1917. To, cikin Nuwamba 1922 ya tsaya wa jam'iyyar Leba a garin Dundee, mai kujera biyu. Ya sami ɗaya, Churchill ya zo na huɗu.

A Majalisa maganarsa ɗaya ce: kada gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa wakilai ba su sani ba. Da Leba ta kafa gwamnati cikin Janairu 1924 an zaci za a ba shi harkokin waje, sai Firayim Minista MacDonald ya riƙe wa kansa. Duk da haka a shekarar aka ɗauki ƙa'idar ajiye yarjejeniya gaban Majalisa kwana 21 kafin a tabbatar da ita.

Ya ci zaɓe na uku cikin Oktoba 1924. Kurkuku ta riga ta raunana shi, ya rasu ran 12 ga Nuwamba, yana da shekara 51.