SARAUNIYA AMINA TA ZAZZAU: TSAKANIN TARIHI DA WASAN KWAIKWAYO

Gabatarwa

Duk wanda ya san Magamar Jibiya ya san huhun goro. Shekara da shekaru fatake ke ratsa wannan iyaka da shi su nufi Ɗan Isa da Maraɗi, amma da wuya a sami mai tsayawa ya tambayi kansa yaushe ne goro ya fara shigowa ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ba da amsa, inda ya danganta zuwan goro da wata mace guda, wato Amina ta Zazzau. Mu da muka yi makaranta a da, a bakin malamin tarihi muka fara jin sunanta. Ƙannenmu da 'ya'yanmu kuwa da yawansu a akwatin talabijin ko a wayar hannu suka fara ganinta, suka ɗauka abin da aka nuna musu shi ne abin da ya faru. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo tarihin rayuwar wannan baiwar Allah, muna bambanta abin da magabata suka rubuta, da abin da aka ji a baka, da kuma abin da masu wasan kwaikwayo suka ƙara.

Asalinta da Tashinta

Bisa ga labarin da ya fi shahara a Zazzau, Amina 'yar Bakwa Turunku ce, wanda jerin sarakunan Zazzau ya sa hawansa sarauta a wajen shekarar 1536. Ko a kan Bakwa ma masana sun rabu, wasu na cewa namiji ne, wasu na cewa mace ce. Garin Turunku yana nan har yau a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, kuma daga can ne aka ce gidan sarautar ya taso ya koma gindin dutsen Kufena. An ce Amina tana da ƙanwa mai suna Zariya, wadda birnin Zariya ya ci sunanta.

Masu ba da labari sun ce tun tana ƙarama take kutsawa fada, ta zauna a cinyar kakanta tana sauraron shawarar mulki da ta yaƙi. Da ta kai shekara 16 aka naɗa ta Magajiya. Manema suka yi ta zuwa da bayi da tufafi, ita kuwa ta ƙi kowa, hankalinta na wajen doki da takobi. A zamanin Sarkin Zazzau Karama, wanda ya yi sarauta daga 1566 zuwa 1576, ta riƙa fita yaƙi tare da maza har ta yi suna. Da Karama ya rasu sai jagoranci ya dawo hannunta. Ya kamata mai karatu ya lura cewa mafi yawan wannan bayani daga baka ya fito, kuma sai a ƙarni na 20 aka tattara shi a takarda. Daga cikin inda aka adana labarinta akwai littafin tarihin Abuja na Alhaji Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a 1952. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yau, inda zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka zauna bayan jihadi.

Abin da Magabata Suka Rubuta

Tsofaffin littattafai biyu ne masana suka fi dogara da su. Na farko shi ne Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta a 1812, kafin ya zama Sarkin Musulmi. A ciki ya ambaci Amina 'yar Sarkin Zazzau, ya ce ta yaƙi ƙasashen Hausa ta rinjaye su, har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji. Ya kuma ce ta nausa kudu da yaƙi, ta rasu a wani wuri mai suna Atagara.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A wancan zamani babu iyakar da muke gani a Jibiya, domin sai a farkon ƙarni na 20 Ingila da Faransa suka gama shata ta. Garin Maraɗi ma sai bayan jihadi ya zama mazaunin sarakunan Katsina na Haɓe. Ke nan harajin da Bello ya ambata, in har an biya shi, ya fito ne daga gumin talakawan Katsina, kakannin mutanen da yau ke zaune a ɓangarorin iyakar guda biyu.

Littafi na biyu shi ne Tarihin Kano, wanda aka tattara a ƙarshen ƙarni na 19, Bature H. R. Palmer ya fassara shi a 1908. Shi kuma ya ce Amina ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana kai mata haraji. Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ita ce ta fara mallakar babanni da goro a ƙasar Hausa. Ya ƙara da cewa a zamaninta ne kayan yamma suka shigo, kuma ta shekara 34 tana yaƙe-yaƙenta.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Tarihin Kano ya sa Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato 1421 zuwa 1438, alhali lissafin Zazzau ya kai ta 1576. Tsakanin biyun akwai ratar kusan shekara 150. Bugu da ƙari, sunanta ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau, abin da ya sa wasu masana ke ganin 'yar sarki ce mai riƙe da rundunar yaƙi da babban iko, ba tare da ta hau karagar ba.

Ganuwa da Sauran Labarai

An ce duk inda ta yada zango sai ta sa a kewaye shi da ganuwa, shi ya sa har gobe ake kiran tsofaffin ganuwoyi da yawa da sunan ganuwar Amina. Amma ba kowace ganuwa ce tata ba, don kuwa Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ta Kano tun tsakanin 1095 da 1134. Haka nan ana cewa ita ta kawo sulke da kwalkwali, alhali littafin ya ba Sarkin Kano Kanajeji, 1390 zuwa 1410, wannan matsayi. Akwai kuma labarin da ake yaɗawa cewa a kowane gari ta ci takan zaɓi namiji ta kwana da shi, gari na wayewa a kashe shi. Bello bai kawo wannan ba, Tarihin Kano ma bai kawo shi ba. Daga nan za mu gane cewa tun kafin a ƙirƙiro talabijin masu hira ke ƙara wa labarinta gishiri.

Rasuwarta

Idan aka bi lissafin Zazzau, aka ɗora shekara 34 a kan 1576, rasuwarta ta faɗo a wajen 1610. Atagara kuwa ana danganta ta da yankin Idah, ƙasar Igala, a Jihar Kogi ta yau. Labaran baka sun tafi a kan cewa ba ta yi aure ba, ba ta kuma bar ɗa ba. Amma sunanta bai ɓace ba. Akwai Kwalejin Sarauniya Amina a Kakuri, Kaduna, da ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello, da mutum-mutuminta bisa doki a gidan wasanni na ƙasa da ke Iganmu, Legas. A 1975, shekarar mata ta duniya, an buga hotonta a kan sarki na gidan waya.

Amina a Akwatin Talabijin

A watan Nuwamba na 2021 kamfanin Netflix ya saki fim mai suna Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar. Fim ɗin ya samu karɓuwa, har ya ci kyautar fim mafi kyau a bikin AMVCA na 2022. Duk da haka 'yan kallo da yawa a Arewa sun koka. Yawancin maganganun da Turanci aka yi su, an kuma gina labarin a kan soyayya tsakaninta da wani Danjuma, wanda Ali Nuhu ya fito a matsayinsa, mutumin da babu shi a littafin Bello ko a Tarihin Kano.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A 2012 Firayim Ministan Turkiyya na lokacin, Erdogan, ya soki wani wasan talabijin a kan Sarki Sulaiman saboda ya fi nuna shi a cikin gida tsakanin mata maimakon a fagen fama. A 2020 kuma ministan al'adu na Birtaniya, Oliver Dowden, ya nemi Netflix ta sanar da masu kallon The Crown, wasan da aka yi a kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu, cewa ƙagaggen labari ne.

Adalci shi ne a yarda cewa mai shirya fim yana da uzuri. Abin da magabata suka rubuta a kan Amina bai cika shafi guda ba, shi kuwa yana son ya riƙe ɗan kallo kusan awa biyu, dole ya ƙago hira da abokai da maƙiya. Inda laifi yake shi ne a bar ɗan kallo cikin duhu, bai san inda tarihi ya tsaya ƙage ya fara ba. Hoto ya fi rubutu zama a ƙwaƙwalwa, kuma yaron da ya ga Danjuma da idonsa da wuya malami ya fitar masa da shi daga kai.

Kammalawa

Abin da ya tabbata a kan Amina kaɗan ne, amma ya isa abin alfahari: mace ce daga gidan sarautar Zazzau da ta jagoranci yaƙi, ta buɗe hanyoyin fatauci zuwa kudu da yamma, har malamai a Sakkwato da Kano suka ga ba za su rubuta tarihin ƙasar Hausa su tsallake ta ba. Don haka muna kira ga iyaye da malamai da ke cikinmu, idan yara sun gama kallo a zauna da su a tambaye su wanne ne aka rubuta, wanne ne aka ƙara. Masu shirya finafinai kuma su riƙa tuntuɓar masana a Zariya da Katsina da Maraɗi kafin su ɗauki na'ura, su kuma faɗa wa jama'a a farkon fim cewa an yi ƙari. Ta haka ne ɗan kallo zai sha daɗin wasa, ɗalibi kuma ya shiga ɗakin jarrabawa da tarihinsa daidai.