Wu Lien-teh: Likitan da ya sa takunkumi ya zama dole a ɗakin masu jinya

A 2020, da korona ta shigo Najeriya, teloli a cikin birnin Zariya sun koma ɗinkin takunkumi da ƙyallen atamfa da shadda. Ma'aikatan jinya kuwa, tun daga asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan har na koyarwa da ke Shika, wuni suke yi hanci da baki a rufe. Mutumin da ya fara tsayawa kai da fata a kan haka a lokacin annoba wani likita ne ɗan asalin Sin, mai suna Wu Lien-teh, kuma shekara 110 ke nan kafin korona.

An haife shi ranar 10 ga Maris, 1879 a tsibirin Penang da ke Maleshiya ta yanzu, lokacin tana hannun Turawan Ingila kamar yadda ƙasar Hausa ta faɗa hannunsu daga baya. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne. A 1896 ya samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Kambrij, ya ƙarasa koyon aikin likita a asibitin St Mary's da ke Landan. Da ya koma gida sai ya shiga yaƙi da shan ofiyom, abin da ya haɗa shi faɗa da masu cin ribar cinikin, har aka kai shi kotu aka ci shi tara. Bayan nan ne gwamnatin Sin ta ɗauke shi aiki a kwalejin likitocin soja da ke Tianjin.

A ƙarshen 1910 wata cuta ta ɓulla a Manchuriya, arewa maso gabashin Sin. Mutum zai fara zazzaɓi, ya yi tari da jini, cikin kwana biyu ko uku ya mutu. Kusan babu wanda ya kamu ya tashi. Ta faro ne daga mafarautan wata dabba mai kama da ƙaton kurege da ake nema don fatarta, sannan ta bi layin dogo. Wu ya isa birnin Harbin ranar 24 ga Disamba yana da shekara 31, cikin sanyin da ke daskarar da ƙasa, ga shi ko yaren mutanen wurin bai iya sosai ba.

Kwana uku da zuwansa ya binciki gawar wata mata da cutar ta kashe, abin da al'adar wurin ba ta yarda da shi ba. Ya ga ƙwayar cutar ɗa'un ce, amma a huhu ta yi sansani. A lokacin, abin da likitoci suka sani shi ne ƙuma ke ɗauko ɗa'un daga ɓera ta sa wa mutum, don haka kowa ya duƙufa kan kashe ɓeraye. Wu ya ce wannan karon daga numfashin mutum take zuwa ga mutum, ta hanyar tari da feshin yawu.

Sai ya tsara takunkumi: auduga a tsakiya, bandeji mai shara-shara ya lulluɓe ta ciki da waje, an tsaga bakinsa biyu ya zama igiyoyin da ake ɗaurewa a ƙeya don ya kama fuska ƙam. Ba shi ya ƙirƙiro rufe baki a asibiti ba, don tun wajen 1897 wasu likitocin tiyata a Turai ke yi. Sai dai su suna yi ne don kare wanda ake yi wa aiki daga numfashin likita. Wu ya juya abin, ya zama kariyar mai jinya daga majinyaci, ya kuma yi shi da arha ta yadda mai ɗaukar gawa da ɗan sanda da mai shara duk za su samu.

Manyan likitoci ba su saurare shi ba. Cikinsu har da Gérald Mesny, Bafaranshe, malami a wata kwalejin likitoci a Tianjin, wanda ya girme shi kuma ya taɓa aikin ɗa'un. Ya raina ra'ayin yaron, ya nemi a ba shi jagorancin aikin. A farkon Janairun 1911 Mesny ya shiga asibitin Rashawa na Harbin ya duba masu cutar. Ya sa farar riga, ya sa hula, ya sa safar hannu ta roba. Bai rufe hanci da baki ba. Bayan kwana uku zazzaɓi ya kama shi, ranar 11 ga Janairu ya mutu.

Wannan wurin ne ya kamata ma'aikacin jinya ya dakata. Mesny ba sakarai ba ne, kuma ba da hannu wofi ya shiga ba. Kayan kariyarsa sun cika in da cutar ta cizon ƙuma ce ko ta taɓa jiki. Ya kulle ƙofofi uku, ya bar wadda ɓarawon ke bi. Shi ya sa a yau kayan da ake sawa don zazzaɓin Lassa, wanda jini da ruwan jiki ke yaɗawa a asibiti, ba daidai suke da na tarin fuka ba.

Mutuwar Bature ta yi abin da hujjar Wu ta kasa yi. Nan da nan kowa ya nemi takunkumi. Amma wata matsalar ta biyo baya, wadda Wu ya bayar da labarinta a littafin tarihin rayuwarsa na 1959: wasu sun bar shi sako-sako, wasu sun rataye shi a wuya, wasu kuma sun jiƙa audugar da maganin kashe ƙwayar cuta mai ƙarfi har ya ƙona musu baki. Duk wanda ya ga takunkumi a ƙarƙashin haɓa a kasuwa a 2020 ya san wannan hali bai tsufa ba.

Takunkumi kaɗai bai kashe annobar ba. Wu ya sa an taƙaita zirga-zirgar jirgin ƙasa daidai lokacin da leburori ke tururuwar komawa gida bikin sabuwar shekara, aka mayar da taragai wurin keɓe waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. Mafi ɗaci shi ne gawawwaki sama da 2,000 da aka jere a fili saboda ƙasa ta daskare, kabari ya ƙi haƙuwa. Sai da ya nemi izinin fadar sarkin Sin kafin a ƙona su a ƙarshen Janairu. Zuwa farkon Maris cutar ta lafa a Harbin. A Manchuriya baki ɗaya ta ci kimanin mutum 60,000.

A shekarar nan ta 1911 ce layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano. Shekara bakwai bayan haka, a 1918, murar da ta game duniya ta sauka a Legas daga jirgin ruwa, ta bi wannan layi ta hau Arewa, kamar yadda ɗa'un ta yi a Manchuriya.

A Afrilun 1911 Wu ya shugabanci taron ƙwararru daga ƙasashe 11 a birnin Mukden, inda takunkuminsa ya samu karɓuwa. A 1912 aka kafa hukumar rigakafin ɗa'un ta arewacin Manchuriya aka ba shi. Da cutar ta dawo a 1920 zuwa 1921, waɗanda suka mutu ba su kai 10,000 ba. A 1935 aka gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai samu ba.

Da Japan ta afka wa Sin a 1937, sai ya koma Malaya ya buɗe ɗan ƙaramin asibiti a garin Ipoh, ya ci gaba da duba marasa lafiya kamar kowane likitan unguwa sama da shekara 20. Ya rasu a Penang ranar 21 ga Janairu, 1960, yana da shekara 80.