Henry Cavendish, masanin da ya fara tantance iskar haidurojin

An haifi Henry Cavendish a birnin Nice a shekarar 1731, a wani gidan masu sarauta da dukiya na Ingila. Ya yi karatu a jami'ar Kambirij, amma bai tsaya karɓar digiri ba.

A 1766 ya bayyana yadda ya zuba ruwan asid a kan tutiya da ƙarfe da kuza, ya tara iskar da ke tasowa. Ya auna ta, ya nuna cewa ba ta kusa da iskar da ake shaƙa a nauyi, kuma tana kama wuta. Daga baya ya gano cewa ƙonewarta na haifar da ruwa.

Tsananin kunyarsa ta kai ga sai ta rubutacciyar takarda yake magana da matan da ke masa aikin gida. Ya rasu a Landan a 1810.

A 2007 masana a Japan suka ruwaito cewa shaƙar iskar ta rage lalacewar ƙwaƙwalwa a ɓerayen da aka toshe wa jijiyar jini. Gwaje-gwajen da aka yi wa mutane bayan haka yawancinsu ƙanana ne, ba su isa tabbatar da ita a matsayin magani ba.