Masamune: Maƙerin da Ba Ya Yawan Sa Sunansa a Ƙirarsa

Masamune maƙerin takubba ne da wuƙaƙe wanda ya zauna a birnin Kamakura, cikin lardin Sagami na ƙasar Japan, a ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14. Akan ce an haife shi wajen 1264, ya rasu wajen 1343, amma waɗannan shekaru ƙiyasi ne na mutanen baya. A zamaninsa Kamakura ita ce mazaunin shogun, watau shugaban mayaƙa, kuma Mongolawa sun kawo wa Japan hari sau biyu, a 1274 da 1281. Saboda haka ya tashi ne a garin da takobi ke da kasuwa, maƙeri kuma ke da daraja.

Littattafan da suka kawo silsilar maƙera sun nuna ya koyi sana'a a hannun Shintogo Kunimitsu, gwanin ƙera tanto, watau wuƙar da tsawon ruwanta bai cika wuce santimita 30 ba. Shi malamin nasa yakan sa suna. Akwai wata wuƙa tasa wadda aka sassaƙa wa sunansa da garinsu da shekarar da ta yi daidai da 1293. Almajirin kuwa ya fi malamin shahara nesa ba kusa ba. An san shi da haɗa ƙarfe mai tauri da mai taushi, da kuma iya kashe ƙarfe a ruwa, har wasu ƙwayoyi masu ƙyalli, waɗanda Japanawa ke kira nie, su fito a gefen kaifi kamar an watsa yashin azurfa. Sai dai bai gaji malaminsa wajen sa suna ba. Ƙirarsa mai ɗauke da sunan da masana suka amince da shi 'yar kaɗan ce, kuma wuƙaƙe ne, kamar Fudo Masamune da ke gidan kayan tarihi na Tokugawa a Nagoya, da Kyogoku, da Daikoku.

Domin a fahimci abin da wannan ya jawo, ya kamata a san inda rubutun yake. Maƙerin Japan ba a kan ruwan wuƙa yake sa suna ba, a kan wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota yake sassaƙa shi da kurfi. Sai an zare wani ɗan tsinken gora an cire ƙotar kafin a gan shi. Cikakken rubutu yakan kawo lardi, da sunan maƙeri, da harafin da ke nufin ya ƙera. Ɗaya fuskar kuma ta kawo shekara bisa lissafin zamanin sarauta, wanda dole mai fassara ya juya shi zuwa miladiyya. Haruffan na Sin ne, kowane ɗaya kuma yana da karatu fiye da ɗaya. Sunan Masamune haruffa biyu ne tak: na farko yana nufin daidai, na biyu yana nufin tushe ko asali, kuma wanda bai san sunayen maƙera ba yana iya karanta su da wani lafazi dabam. Har tsatsar da ke kan wutsiyar shaida ce ta shekaru, shi ya sa masu tara irin waɗannan kaya ba sa yarda a goge ta.

Dogayen takubbansa wata ƙaddara ce ta same su. Da salon yaƙi ya sauya, sai aka riƙa rage tsawon tsofaffin takubba ta wajen wutsiya, in ma akwai suna sai ya tafi tare da guntun da aka yanke. A nan ne gidan Honami, masu wasa takubba da tantance su, suka shigo cikin tarihin Masamune. Idan suka duba takobi suka gamsu, sai su rubuta sunan maƙerin a wutsiya da zinariya, ko da jan fenti, su kuma ba da takardar shaida mai faɗin kimarsa. Alal misali, wani takobi da ke gidan kayan tarihi na ƙasa a Tokiyo yana ɗauke da rubutun zinariya mai nuna sunan wanda ya mallake shi, Jo Izumi no Kami, da bayanin cewa aikin Masamune ne da aka rage, da sa hannun Honami. Duk wanda ya fassara wannan rubutu, to, ba maganar maƙerin ya fassara ba, hukuncin wani ne da ya zo bayansa da shekaru fiye da 250.

A zamanin Toyotomi Hideyoshi, a ƙarshen ƙarni na 16, takobin Masamune ya zama kyautar da shugaba ke yi wa manyan barorinsa. A 1719 kuma gidan Honami suka tsara wa shogun Tokugawa Yoshimune kundin shahararrun takubba, inda aka ware Masamune da Yoshimitsu da Go Yoshihiro a sahun gaba. Inda kuɗi ya taru kuwa ba a rasa 'yan jabu. An sassaƙa haruffan nan biyu a kan ƙirar wasu ba iyaka. Wani abin mamaki ma shi ne na maƙeri Muramasa, wanda gidan Tokugawa ke camfa takubbansa: da yake harafin ƙarshe na sunansa shi ne na farko a sunan Masamune, wasu sukan goge ɗaya su ƙara ɗaya, takobin da ake gudu ya koma wanda ake nema. Don haka karanta suna daidai bai isa hujja ba. Hasali ma ganin sunan Masamune ɓaro-ɓaro a kan dogon takobi ya fi kusa da zama dalilin zargi.

Wannan ƙarancin shaida ne ya sa a 1896 wani masanin takubba, Imamura Choga, ya fito a jaridar Yomiuri yana shakkar ko an taɓa yin gwani mai wannan suna, yana ganin mutanen zamanin Hideyoshi ne suka kambama shi. An yi ta muhawara mai zafi. Imamura ya yi gaskiya game da yawan jabu, amma ya zarce, domin sunan Masamune yana cikin wani tsohon kundin maƙera da aka kwafa a 1423, tun ba a haifi Hideyoshi ba.

Akwai kabarin da ake jingina masa a haikalin Hongakuji a Kamakura. Takobinsa mafi shahara, Honjo Masamune, wanda shogun ke gadar wa shogun, Tokugawa Iemasa ya miƙa shi ga ofishin 'yan sanda na Mejiro a Tokiyo cikin Disamba 1945, lokacin da sojojin mamaya suka ba da umarnin tattara makamai. Tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.